Yadda Ake Horar da Malaman Zane da Aikin Hannu na Makarantun Firamare

Darasin Al'adu da Fasahar Ƙirƙira yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9, wadda Hukumar NERDC ta tsara bayan kafa dokar shirin UBE a shekarar 2004. Ya ƙunshi zane, aikin hannu, kiɗa da wasan kwaikwayo. Sai dai a makarantunmu na karkara, sau da yawa akan bar lokacinsa ya wuce a banza, ko a ce yara su kawo tsintsiya daga gida a ba su maki. Babban dalili shi ne rashin malamin da ya san yadda ake koyar da shi.

Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya ita ce NCE, wadda ake samu bayan karatun shekara 3 a kwalejin ilimi, ƙarƙashin kulawar Hukumar NCCE da aka kafa a 1989. A can ne ɗalibin malanta yake fara yin aikin da hannunsa: zane, haɗa launi, ginin yumɓu, saƙa da rini, domin wanda bai taɓa murza yumɓu ba ba zai iya nuna wa yaro ba.

Bayan haka sai a koya masa tsara darasi. Zai rubuta manufa, wato abin da yaro zai iya yi a ƙarshe, sannan kayan aiki, matakan koyarwa da hanyar auna fahimta. Alal misali, idan darasin na ginin kasko ne, malami zai tanadi yumɓu tun jiya, ya nuna sau ɗaya, ya bar kowane yaro ya gina nasa, sannan su tattauna abin da ya sa wani ya tsage. Ana kuma nuna masa ya yi la'akari da shekarun yara: 'yan aji ɗaya a bar su da murzawa da shafa launi, saƙar faifai kuwa sai manyan azuzuwa. Daga nan akan tura shi makaranta domin gwajin koyarwa, malamansa na bin sawu suna duba shi.

Ba sai an sayo kaya daga birni ba. Karan dawa, kaba, ƙwarya, gawayi, jar ƙasa, farar ƙasa, lalle, zoɓo da ƙaro duk muna da su. Iyayen da ke ƙyamar zanen mai rai kuma su kwantar da hankalinsu, domin akwai fili mai faɗi a zayyana, dagi, adon gini da na sutura.

Wannan aiki ba wasa ba ne. Yana ƙarfafa yatsun yaro wajen riƙe alƙalami, yana koya masa lura da haƙuri, yana kuma iya zame masa sana'a. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, a ƙauye ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama.

Don haka muna kira ga sakatarorin ilimi da shugabannin makarantu da su tabbatar ana gudanar da darasin a kan lokacinsa, su kuma karɓi ɗaliban gwajin koyarwa hannu biyu. Masu unguwanni da kwamitocin makarantu su taimaka wajen gayyato maginan tukwane, masaƙa, marina da dukawa su nuna wa yara sana'arsu. Da haɗin kanmu ne gadon iyaye da kakanni zai isa hannun 'ya'yanmu.