Kalmomin yabon na gaba a wurin aiki: misali daga Sinanci

1. Gabatarwa

Tun da aka buɗe matatar man fetur ta Damagaram a shekarar 2011, ƴan Nijar da dama suke aiki kafaɗa da kafaɗa da Sinawa. A cikin wannan takarda za mu nuna cewa a Sinancin Mandarin, yabon wanda ya daɗe a aiki yana farawa ne daga sunan da aka kira shi da shi. Mun rubuta misalai da tsarin pinyin na 1958.

2. Sunayen kira

Kalmar lǎo tana nufin "tsoho", amma matsayinta yana canza ma'ana. Mu ɗauki sunan dangi Wáng:

(1) Lǎo Wáng: kiran sabo ne tsakanin tsara. Sabon ma'aikaci da ya kira na gaba da shi haka ya yi rashin kunya.

(2) Wáng lǎo: girmamawa ce babba, ta dattijo masani wanda ya yi suna.

(3) Wáng lǎoshī: "malam Wang". Kamar "malam" a Hausa, ana faɗa wa wanda bai taɓa koyarwa a lakkwal ba.

(4) Wáng shīfu: na gwanin aikin hannu ne, kamar makanike, direba ko kuku.

Sai a kiyayi lǎo yóutiáo. Yóutiáo soyayyen ƙulli ne na karin kumallo, amma jimlar tana nufin tsohon ma'aikaci mai wayon zame wa aiki. Zagi ne.

3. Jimlolin yabo

Wakilin suna na ladabi shi ne nín, maimakon nǐ, kamar yadda Bahaushe yake ce wa babba "ku".

(5) Nín jīngyàn fēngfù: "Kuna da gogewa mai yawa."

(6) Xiàng nín qǐngjiào: "Ina neman ku koya mini."

(7) Nín xīnkǔ le: "Kun sha wahala", wato "sannunku da aiki".

A ganinmu (6) ta fi (5) dacewa a bakin ƙarami. A (5) mai magana yana auna na gaba da shi, a (6) kuwa ya mai da kansa almajiri. Ita (7), in babu nín, ta fi kama da maganar shugaba ga yaransa.

4. Amsar yabo

Bisa al'ada, wanda aka yaba yakan ce guòjiǎng le, "an zarce da yabo", ko nǎli nǎli, "ina, ina!". Kada mai koyo ya ɗauka an ƙi maganarsa. Ta karɓu, kamar yadda namu gwanin yake cewa "a'a, ƙoƙari dai muke yi".

5. Kammalawa

Muna ba mai koyo shawara ya fara da (3), (4) da (6), kuma ya saurari yadda sauran ma'aikata suke kiran mutum kafin shi ya kira shi.