Kalmar "Tatsa": Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana ma'anar kalmar tatsa, da yadda ta taso daga ruga ta shiga bakin 'yan siyasa da 'yan jarida.

Asalin ma'anarta shi ne matso nono daga hantsar dabba. A rugagen Fulani na ƙasar Zoza, da sauran yankin Rogo da Ƙaraye, akan fara sakin maraƙi ya ɗan tsotsa don nono ya sauko, sa'an nan a ɗaure shi kusa da uwar, a tatsa a ƙwarya, a rage masa nasa. Ke nan abin da ake tatsa mai rai ne, kuma yakan sake kawowa gobe.

Bisa tsarin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960, tatsa tana aji na biyu, kuma sauya aji yakan sauya ma'ana, kamar haka:

(a) Ya tatsi saniya (aji na 2): ya ɗebi nononta.
(b) Ya tatse saniya ƙaf (aji na 4): bai rage kome ba.
(c) Ya tatso nono (aji na 6): ya tatsa ya kawo nan.
(d) Saniya ta tatsu (aji na 7): an tatse ta sosai.

Daga nan ma'anar ta yaɗu zuwa ga mutane, inda akan ce an tatsi talakawa, watau an karɓi dukiyarsu a kai a kai ba da son ransu ba. Da irin wannan ido da yawa suka dubi haraji da jangali, waɗanda gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke a Jihar Kano a 1979.

Sai dai akwai inda kalmar ba ta dace ba. Man fetur da kuza haƙo su ake yi, domin abin da aka cire ba ya dawowa. Wanda ya ce ana tatsar mai ya sa mai sauraro zaton rijiyar za ta sake cika.

Saboda haka ya kamata marubuta da masu fassara su lura da bambancin tatsa da tatsewa. Hukumar da ta tatsi jama'a ta bar musu abin da za su farfaɗo da shi. Wadda ta tatse su kuwa ta hana maraƙi sha, kuma garke ne zai ƙare.