Kafin ka ci bashi don injin ɗaure ciyawa

Tun da turka ta kankama a ƙasar Dakoro, ciyawa ta zama haja kamar hatsi, wata magana ta shiga bakin matasa wadda na gaji da jin ta. Wai duk mai son cin ribar ciyawa a Korahane sai ya mallaki injin nan da tarakta ke ja, wanda ke kwasar ciyawa ta gaba yana zubo ta a ɗaure ta baya. Sun gan shi a waya yana aiki a gonakin Faransa da Amurka, shi ke nan hankali ya tashi. Har wasu na rantsuwa cewa ciyawar da inji ya matse ta fi ƙosar da dabba, wai matsewar ce ke kulle amfanin a ciki. A kan wannan zance mutum zai yi tunanin sayar da tumakinsa ko jinginar da gona.

Kayan ɗaure ciyawa ba su da wuyar ganewa. Akwai babban inji mai naɗe ta kamar tabarma, dunƙulensa ɗaya kan haura kilo 250, sai tarakta mai cokali ke iya ɗaga shi. Akwai ƙarami mai fitar da dami mai kusurwa huɗu na kilo 15 zuwa 25. Sai kuma na hannu: akwatin katako ko na ƙarfe da ake danna ciyawa a ciki a ɗaure da igiya. Dukansu aikinsu ɗaya ne, su rage wa ciyawa girma don ta yi sauƙin ɗauka da ajiya.

To ina maganar ƙarin amfani ta fito? Babu injin da ke zuba wani abu a cikin ciyawa. Abin da ka ba shi, shi zai ɗaure maka. Amfanin ciyawa ranar yanka ake samunsa ko a rasa shi. Ciyawar dajinmu, komayya ce ko ƙarangiya, lokacin da take kore tana shirin fitar da kai, sinadarin gina jiki da ke cikinta kan kai kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Idan aka bar ta a tsaye ta zubar da 'ya'ya, rana ta gasa ta har cikin hunturu, abin da ke saura bai wuce kashi 2 zuwa 4 ba. Tumbin saniya kuwa yana bukatar kusan kashi 7 kafin ma ya iya narkar da abin da ta ci yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga sa a turke cikin watan Afrilu, ciki ya cika tim, amma kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Mai shi ya ce sammu ne ko tsutsar ciki, alhali dabba ce ke cin abin da ba ya gina ta. Ka ɗauki wannan farar ciyawa ka sa a injin da ya fi kowane tsada, farar ciyawa za ta fito, sai dai a ɗaure da kyau.

Kuma abin takaicin, yawancin masu mafarkin inji ba yankan ɗanyar ciyawa suke nufi ba. Nufinsu su jira kaka ta wuce, su shiga daji da manjagara su share komai har ƙasa, inji ya ɗaure, mota ta kai Maradi. Manjagara ba ciyawa kaɗai take kwasa ba, har da irin da zai tsiro baɗi, ta bar jigawa tsirara iskar hunturu na ɗibar ta. Bayan 'yan shekaru sai garmani ya mamaye wurin, wanda dabba ba ta ko kallonsa yana ɗanye. Mu da ke bakin iyakar noma da kiwo, a gundumar da Kwarin Tarka ya ratsa, ya kamata mu fi kowa sanin haka. Tun 1961 doka ta shata wa noma iyaka ta arewa, kuma dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta sa ƙa'ida a kan kwasar ciyawa a wuraren kiwo. Ba kowane fili ne za ka shiga ka share ba. Bafulatani ko Buzun da ya dawo da garke ya tarar da makiyaya fayau, da me zai ciyar? Daga nan ake fara rigimar da sai an kai gaban hakimi. Hadisi ya sa ciyawa cikin abubuwa uku da jama'a suka yi tarayya a kansu, tare da ruwa da wuta. Wanda ya ga yadda yunwa ta karkashe dabbobi a 1984 da 2010 bai kamata a riƙa tuna masa wannan ba.

Mu bar batun doka, mu yi lissafi. Saniya mai kilo 250 tana cin kusan kilo 6 na busasshen abinci a rana. Daga Fabrairu zuwa ƙarshen Yuni, kwana 150 ke nan, kilo 900. Mai shanu biyar yana bukatar tan huɗu da rabi, wato dami 300 na kilo 15. Ƙaramin injin tarakta zai gama wannan kafin azahar, sannan ya kwanta sai baɗi, bashi kuwa ba ya kwanciya. Kuma injin ba ya yanka, ba ya tarawa. Sai an sami na yanka da na jera ciyawa layi-layi, da tarakta mai ƙarfin doki 35 ko fiye, da gazuwal. Fili yake so shimfiɗaɗɗe wanda babu kututture, mu kuwa gonakin jihar Maradi cike suke da sabara da kalgo da gawo da muka raina da hannunmu. Haƙoransa na kwasa za su karye a kututture, rairayi ya cinye wurin ƙulla igiya, wanda shi ne ɓangaren da ya fi saurin lalacewa. Ranar da ya tsaya, ka tambayi kanka wane bakanike ne a Dakoro ya taɓa kwance shi, kuma kayan gyaran daga ina za su zo.



Abin da ƙaramin mai ciyawa ke bukata kafinta ko mai walda zai haɗa masa a kasuwa. Akwati marar murfi, tsawo mita ɗaya, faɗi rabin mita, zurfi santimita 40. A yi shi yadda gefe ɗaya zai buɗe, ko kuma marar gindi don a ɗaga shi sama a bar damin a ƙasa. Ka shimfiɗa igiya biyu a ciki, bakunansu na lilo a waje, ka zuba ciyawa kaɗan-kaɗan kana takawa da ƙafa, musamman kusurwoyi, har ya cika, ka ja igiya ka ƙulle. Za ka sami dami na kilo 10 zuwa 15, gwargwadon irin ciyawar da nauyin mai takawa. Yaro matashi zai ɗauka, ya jeru a amalanken jaki ba ya zubewa a hanya, kuma amalanken zai ɗauki fiye da abin da yake ɗauka in ciyawar a sake take. Igiyar kaba ta fi. In ka yi da ta roba, ka tsince ta duk lokacin da ka kwance dami, don dabba na haɗiye ta ta cushe mata tumbi.

Yanka kuwa a yi shi wajen ƙarshen damina, cikin Satumba, ciyawa na kore. Na san uzurin: lokacin ne hatsi ke nuna, hannu ya yi kaɗan, ga ruwan ƙarshe na iya saukowa. Gaskiya ne. Amma kuɗin da za ka zuba a inji, kaɗan daga ciki zai biya 'yan ƙwadago da lauje na mako guda. A bari raɓa ta ɗauke kafin a fara, a baza ciyawar ba da kauri ba, a juya ta, kwana biyu ko uku ta isa in rana ta buɗe. Kada a yanke har ƙasa, kuma a bar wani yanki ya zubar da iri. Gadagi in ya samu a ciki, alheri ne. Harawar wake da ta gyaɗa sun fi kowace ciyawa, amma amfaninsu a ganye yake, ganyen kuwa da tsakar rana ruɓushewa yake yi. A ɗaure su da sassafe ko da yamma lokacin da suka ɗan yi laushi.

Kada ka matse ciyawar da ba ta gama bushewa ba. Danshinta kada ya wuce kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari, kuma ba sai da na'ura za ka gane ba. Murɗa danƙi guda da hannu biyu: in ka ji sanyi ko ka ga laima, da saura. Ko ka yayyanka kaɗan ka zuba a busasshiyar kwalba da gishiri, ka girgiza. In gishirin ya dunƙule, a ƙara shanya. Damin da aka matse da danshi zai yi fumfuna, ya yi zafi a ciki, tarin da ya yi yawa har wuta yake kamawa da kansa. A makonnin farko ka riƙa zura hannu tsakanin dammuna kana jin ɗumi.

Ajiya ma ana ɓarna a cikinta. Ɗora harawa a kan bishiya ko rufin ɗaki ta tsare ta daga awaki, amma rana na cinye korenta wata da watanni. A kafa rumfa, a ɗaga dammunan a kan itace ko duwatsu saboda gara, a bar 'yar kafa iska ta ratsa, a nisanta da murhu. In da tampol za a rufe, sama kaɗai, gefe a buɗe.

Wanda ya riga ya tara farar ciyawa ko kara, akwai gyara: kilo 5 na takin yuriya a narka a lita 50 na ruwa, a yayyafa wa kilo 100, a danne a rufe ruf har mako uku, a sha iska kafin a ba dabba. Na shanu ne da tumaki da awaki manya, ban da jaki da doki da 'yan maruƙa. A fara yi tare da malamin dabbobi, don yuriya in ta yi yawa kashewa take yi.