Idan Tukunyar Tururi Ta Ƙi Aiki, Kada A Tsallake Na'urar Kariya

A wasu asibitoci, otal-otal da manyan ɗakunan wanki na Abuja, tukunyar tururi mai amfani da lantarki ce ke samar da tururin kashe ƙwayoyin cuta a kayan tiyata da kuma na guga. Ranar da ta ƙi ɗumama, aiki kan tsaya cik, sai jami'in kula da kayan aiki ya shiga matsin lamba. A irin wannan yanayi ne wasu masu gyara ke haɗa waya su tsallake na'urar da ta katse wutar, domin dai a ga tukunya ta tashi. Wannan dabara ta fi lalacewar kanta haɗari.

Wutar da ke sarrafa tukunyar tana bin jeri guda. Daga fiyus take shiga ƙaramar taransifoma, ta ratsa na'urar lura da yawan ruwa, ta wuce makunnin matsin tururi da makunnin iyaka, kafin ta isa kontaktar da ke kunna sandunan ɗumama ruwa. Ko ɗaya ya buɗe, komai zai tsaya. Saboda haka ƙwararren mai gyara kan fara da kashe babban makunni ya kulle shi, ya bar matsin tururi ya sauka, sannan ya bi jerin da mitar gwaji ɗaya bayan ɗaya.

Sau da yawa matsalar ƙarama ce. Ruwan rijiyar burtsatse kan bar farin ɓawo a jikin sandar auna ruwa har ta daina ba da saƙo daidai. Sauya wuta zuwa janareto kan iya barin ɗaya daga cikin layuka uku a mace, tururi ya yi rauni. Sako-sakon waya kuma kan ƙona bakin kontakta.

Idan kuwa aka tsallake na'urar lura da ruwa, sandunan za su ci gaba da zafi a busasshiyar tukunya har su ƙone. Ruwa kan kumbura kusan sau 1,600 idan ya zama tururi, don haka fashewar tukunya na iya cin rai.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa masana'antu binciken tukunyar tururi lokaci-lokaci. Kafin jami'i ya sa hannu a takardar biyan kuɗin gyara, ya kamata ya tambayi abin da ya katse wutar, ya kuma ga an gwada kowace na'urar kariya a gabansa.