Tsatsar da ke kashe sankarar ciki

Masu sayar da man gyaɗa a kasuwar Madarumfa sun san cewa man da ya daɗe cikin gwangwani mai tsatsa yakan juya da wuri, har ya yi ɗoyi. Abin mamaki, masu karatu, shi ne wannan lalacewa ce masana ke neman jawowa da gangan a cikin ƙwayoyin sankarar tumbi da hanji da hanta.

Kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam tana lulluɓe da wata fata ta maiƙo. Ƙwayar sankara kuwa, saboda saurin hayayyafarta, tana tara baƙin ƙarfe fiye da ƴan'uwanta masu lafiya. Idan ƙarfen ya yi yawa, sai ya sa iskar da muke shaƙa ta ci maiƙon nan kamar yadda take cin man gwangwani, fatar ta huje, ƙwayar ta mutu. Akwai wani sinadari mai suna GPX4 da ke gyara ɓarnar tun ba ta yi nisa ba, don haka dabarar ita ce a ɗaure masa hannu. A shekarar 2012 ne Brent Stockwell da abokan aikinsa na jami'ar Kolombiya ta Amurka suka bayyana wannan irin mutuwa, suka laƙaba mata suna ferotozis.

Jan ƙarfe hanyarsa daban ce. A 2022 Peter Tsvetkov da Todd Golub sun nuna cewa yana kutsawa cikin ɗan murhun da ke dafa wa ƙwaya ƙarfinta, ya manne wa wasu sinadarai har su dunƙule, aiki ya tsaya.

Waɗannan biyu dai suna matakin bincike. Ƙarfen da ya riga ya kai gadon majinyaci shi ne filatin: maganin oxaliplatine, wanda aka ƙirƙira a Japan a 1976 kuma Faransa ta amince da shi a 1996, yana maƙale wa littafin gadon ƙwaya, ya hana ta rabuwa. Ana ba masu sankarar babban hanji shi ta jijiya, da awo, domin yakan kashe yatsu da sanyi. Majinyacinmu kuwa sau da yawa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai, inda cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa ta fara gashi da haske a 2021, kuma akasari ciwon ya riga ya ci jiki.

Kada wani ya ji wannan labari ya jiƙa tsohuwar ƙusa ya sha, ko ya saye garin da aka ce na ƙarfe ne a hannun mai talla. Ƙarfen da aka haɗiye bai san ƙwayar sankara ba balle ya zaɓe ta. Hanta da ƙoda ne ke fara ɗaukar dukan. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga haka a 2010, lokacin da ƙurar dalma ta dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400.