Neman Haihuwa Daga Madobi Zuwa Ɗakin Dashen Ciki

Shirinmu na musamman na yau ya nufi Madobi da maƙwabtanta, Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya sa gona ba ta hutawa rani da damina. A nan yawan hannu dukiya ne, duk mai dashen shinkafa da ɗiban tumatir ya san ranar 'ya'ya. Shi ya sa matar da ta shekara huɗu a ɗaki ko ɓatan wata ba ta yi ba take shan kallo a gidan suna. A gaban idonta a ce, "Allah ya kawo naki rabon." Da ta juya baya, a kira ta juya.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Mutum aka ce, jama'a, ba a ce mace ba.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ba ni izinin in ba ku labarinta, amma in sakaya sunanta. Tana aure a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Madobi. Shekara tara tana shan rubutu da saƙe-saƙi, tana tsuguno a kan hayaƙi, duk ita kaɗai. Maigidan ya ƙara aure, amarya ita ma shiru. Sai a lokacin surukar ta kira ɗanta ta ce, "Kai ma ka je a duba ka." Da suka shiga Kano wajen likitan mata, aka tarar bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifarta sun toshe, shi kuma ƙwayoyin maniyyinsa sun yi ƙaranci. Likita ya ce abin da ya rage shi ne dashen ciki, wanda a asibiti ake kira IVF.

Kafin ya tambayi kuɗi, mijin cewa ya yi, "Likita, ya halatta?" Malamai sun daɗe da amsa wannan. Tun 1980 Shaihu Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, muftin Masar wanda daga baya ya zama Shehun Azhar, ya ba da fatawar halaccinsa, bisa sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, igiyar aure tana nan, kuma a mahaifarta za a dasa. Ba aron ƙwai, ba aron maniyyi, ba hayar mahaifa. Aikin ma ba baƙo ba ne. A Ingila aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya, Louise Brown, ranar 25 ga Yulin 1978. A Abuja kuwa, a hannun Dakta Ibrahim Wada aka haifi Hannatu Kupchi a 1998, yau ta zama cikakkiyar mace.

To, ya ake yinsa? Da allura ake farawa, kullum a fatar ciki, kwana 10 zuwa 12, don ƙwai da yawa su nuna a lokaci guda. Allurar tana son sanyi, ƙauyensu kuwa wuta sai an ga dama. Kula Yaya ta samu, ana sayo mata ƙanƙara kowace safiya, ta naɗe kwalaben cikin leda ta tura ƙarƙashin gado, kada yaran gida su buɗe. Na ga cikinta ya yi tabo-tabo, ƙafa ta yi nauyi, abu kaɗan sai hawaye. Duk bayan kwana biyu ko uku tana cikin motar haya zuwa birni don hoton ciki, maƙwabta kuma ana ce musu ta je duba mara lafiya. Da ƙwan ya nuna, aka yi mata allurar barci aka zuƙo shi da siririyar allura, aka haɗa da maniyyin mijin a ɗakin gwaji. Bayan kwana 3 zuwa 5 ake mayar da abin da ya haɗu cikin mahaifa. Daga nan sai jiran mako biyu kafin gwajin jini, kuma ta ce min wannan jiran ya fi allurar ciwo.

Na farko bai kama ba. Miliyoyin naira ne suka tafi: shansherar noman rani gaba ɗaya, da bijimi, da ɗan kunnenta na gwal. Ranar da sakamako ya fito ta kira ni, abin da ta iya faɗa kawai, "Ƙanwata, babu." Ina so mai sauraro ya ji wannan da kyau, don kada wani ya ruɗe shi da alkawari. Ko ga macen da ba ta kai shekara 35 ba, kusan sau ɗaya cikin uku ne dashen ke kaiwa ga haihuwa, bayan shekara 40 kuma damar tana raguwa sosai. Sai da suka sake noma suka sake tarawa. A karo na biyu Allah ya ba su 'ya mace. Wasu matan da suka yi layi tare sun koma gida hannu rabbana, ba don sun gaza ta addu'a ko haƙuri ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne shekaru taran nan. Ƙa'idar likitoci, in ma'aurata sun shekara guda suna tare babu ciki, su je asibiti su biyu. In matar ta haura 35, wata shida ya isa. Gwajin namiji shi ya fi kowanne sauƙi da araha, a rana ɗaya ake yinsa, amma shi ake bari ƙarshe saboda kunya. Da yawa ma ba sa buƙatar dashe. Wata ƙwayar motsa ƙwai ce za ta ishe ta, wani ciwon sanyi ne da za a yi wa miji da mata magani tare. Akwai sashen likitocin mata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala.

Akwai kuma abin da ya shafi yankinmu musamman, wato tsargiya. Tsutsar da ke haddasa ta tana rayuwa a jikin dodon koɗi cikin kanal da fadamun shinkafa, ta huda fatar mai wanka ko wanki ko dashe. Mun saba ganin yaro na fitsarin jini mu ce ƙuruciya ce. Alhali ƙwan tsutsar yana iya maƙalewa a bakin mahaifa da bututunta, ya bar tabon da zai toshe hanya bayan shekaru, a maza ma yana taɓa hanyar maniyyi. Maganinta praziquantel ne, ƙwayar da ake raba wa 'yan makaranta. In an zo rabo, iyaye ku bar yara mata su sha kamar yadda maza ke sha. Wadda kuma ta je asibiti neman haihuwa, ta gaya wa likita cewa a bakin kanal ta tashi, ko da bai tambaya ba.