Motar da Ake Fasawa Tun Ba a Ƙera Ta Ba

A da, in kamfani zai fito da sabuwar mota, sai a zana ta a takarda, a gina siffarta da yumɓu, sannan a ƙera samfura da hannu a riƙa gwara su da bango don a ga yadda ƙarfen zai lotse. Kowane samfuri na lashe maƙudan kuɗi, kuma da an gano aibi, aikin watanni ya koma baya.

Daga zane sauyin ya faro. A Faransa, Paul de Casteljau na kamfanin Citroën a 1959, da Pierre Bézier na Renault a shekarun 1960, suka gano yadda za a bayyana lanƙwasar jikin mota da lissafi. Da zane ya zama lissafi, sai kwamfuta ta iya adana shi, ta gyara shi, ta kuma miƙa shi ga injin da ke sassaƙa ƙarfe ba tare da an kuskure awo ba. A Amurka ma, General Motors da IBM sun nuna nasu tsarin na zane da kwamfuta, DAC-1, a 1964.

Babban ci gaban ya zo a 1986, lokacin da aka kwaikwayi karon motar Volkswagen Polo a cikin kwamfuta, lissafin ya kammala a dare guda. Dabarar ita ce a rarraba jikin motar zuwa dubban ƙananan gutsattsari, a gaya wa kwamfuta kaurin kowanne da ƙarfinsa, ita kuma ta bi yadda kowane gutsure ke ture na kusa da shi a cikin ƙiftawar idon da karo ke ɗauka. Injiniya ya iso da safe, ya ga inda ƙarfe ya kasa, ya ƙara masa kauri, ya sake gwadawa. Kuskure ya yi arha, shi ya sa ake iya gwada dabaru barkatai kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya. Haka ake auna iska, zafin inji da ƙarar cikin mota.

Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta take lissafawa. In bayanin walda ko na roba ya zo da kuskure, amsar ma kuskure ce. Don haka har yau Euro NCAP, ƙungiyar gwajin amincin motoci ta Turai wadda aka kafa a 1997, motoci na gaske take fasawa kafin ta ba su taurarin aminci, kuma da sakamakon irin wannan karo injiniyoyi ke daidaita lissafinsu.